Minti Ashirin Tsakanin Baba da Ƙanwarsa

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Audu Makaniki na Bukuru. Duk shekara idan watan ya kama, ƙanena Sani yakan kira ni daga gida, mu yi masa addu'a a waya, mu tuna yadda yake gane ciwon inji daga jin ƙararsa kawai. Bana ba zan tsaya a nan ba. Akwai abin da na yi masa wanda bai sani ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma na gaji da karɓar yabo a kansa.

Dole in fara da kakana, don sauran labarin ba zai fahimtu ba sai da shi. Mahaifin Baba Bature ne. A Bukuru ba wanda ke kiran sunansa na gaskiya, Mai Jaki ake ce masa, domin lokacin da sauran Turawa ke zaga ramukan kuza a mota ko a babur, shi jaki yake hawa, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ɗan mahaƙa ne daga wani ƙauye a ƙurewar ƙasar Ingila inda ramuka suka ƙare aka rufe su. Yana da shekara goma sha bakwai ya shiga jirgin ruwa zuwa Afirka ta Kudu, ya yi haƙar zinariya har ƙurar rami ta fara taɓa masa ƙirji. Daga can ya nausa wata ƙasar gabas mai yawan ruwan sama, zazzaɓi ya koro shi. Sai ya ji labarin wani tudu mai sanyi a arewacin Nijeriya inda ake wanke kuza a rafi. Ya sauka Ikko, ya hau jirgin ƙasa, bai tsaya ba sai Bukuru. Sauran Turawa sukan yi 'yan shekarunsu su koma gida. Shi gidan dutse ya gina, ya yi gonar dankali, ya zauna shekara arba'in da ɗoriya, a nan kuma aka binne shi.

Kakata Tabawa 'yar Bauci ce, iyayenta suna sayar da gishiri da kanwa a barikin ma'aikata. Ita dai har ta mutu tana cewa an ɗaura aure, an raba goro, da shaidu. Mutanen gari kuma suna cewa wane irin aure ne da wanda ba ya salla. Ta haifi Baba. Bayan shekara takwas Mai Jaki ya tafi hutu ƙasarsu, ya dawo da mata Baturiya. Aka saya wa Kaka gida a cikin gari, aka kwashe mata kaya, ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta. Baba ya tashi a hannunta, ya yi karatun allo, da ya kai shekara goma sha biyu uban ya ɗauke shi aiki a garejinsa. Kullum suna tare a kan inji, kai da kai, amma bai taɓa ce masa “ɗana” a gaban mutane ba. Baba kuma Maigida yake ce masa har ya mutu.

Baturiyar ta haifi 'ya guda, ranar Talata, ma'aikatan gida suka sa mata Talatu. Baba ya girme ta da shekara goma. Shi ya koya mata keke, yana riƙe da sirdin yana gudu a bayanta. Ta girma ta auri ɗan wani likitan mishan Ba'amurke, suka tafi. Abin da Baba ya riƙe game da ita biyu ne, sunan mijin da sunan jihar, Karolina ta Arewa. Da Mai Jaki ya rasu ba ta sami zuwa ba, uwar ma ta tattara ta bi ta. Sai ya zama wanda ba a taɓa kira ɗa ba shi ne ke zuwa maƙabartar Turawa da fartanya duk ƙarshen damina ya nome ciyawar kabarin. Ba ya addu'a a wurin, ya ce malamai sun hana. Sharewa kawai yake yi ya dawo gida.

Ni wannan tarihi bai taɓa ba ni sha'awa ba. A firamare jikan Nasara ake ce mini, idan faɗa ya yi zafi kuma a faɗi wata kalmar a kan Baba wadda ba zan rubuta a jarida ba. Na tashi da niyyar duk inda na je ba zan ɗauki wannan kaya ba. Da na sami gurbin karatu a wurare biyu a Amurka, Baba ya sa na karanta masa sunayen jihohin, ya ce in ɗauki na biyun. Ban tambaye shi dalili ba, domin na sani. Haka na zo Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa. A nan kuwa duk wanda ya yi maganar hasken fatata sai in ce jinin Filani ne ta wajen uwa, a wuce wurin.

Shekara huɗu da zuwana na gama karatu, na sami aiki, na kuma ga wadda nake so. Rakiya 'yar wani dattijo ce mutumin Maraɗi, wanda duk muke ce wa Alhaji, mai kantin kayan abincin gida. A bakin kantinsa ake sasanta rigima, shi ake nema idan an yi haihuwa ko rasuwa. Ya karɓe ni da fara'a, amma ya ce shi ba ya ba da 'ya sai ya san asalin mutum. A daidai lokacin ne yanar ido ta rufe wa Baba gani, na kawo shi a yi masa aiki, ya kuma nema mini aure da bakinsa. Ina haya ne a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood. Baba yakan zauna a baranda da hularsa, yana gaida ɗaliban da ke wucewa a kan keke, su ɗaga masa hannu ba tare da sun san me ya ce ba.

Aka yi aikin lafiya. Ranar da aka cire masa bandeji muka dawo gida, ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya zaro wata takarda daga aljihun gaba. Sunan mijin Talatu ne, ya rubuta da manyan baƙaƙe irin rubutunsa na gareji.

Ya ce, “Ka nemo mini ita. Ba na neman komai a wurinta, ka gaya mata haka tun farko. Ina so in gan ta ne, in shaida mata kabarin Maigida yana nan a share.”

Na ce to. A raina ina fatan kada a same ta. Ban yi minti goma sha biyar da buɗe littafin lambobin waya ba na ga sunan, a garin Summerfield, tafiyar minti ashirin daga inda Baba ke zaune.

Kwana uku ina juya maganar. Abin da nake hangowa shi ne Baturiya ta zo wurin ɗaurin aurena, ta zauna cikin mata, a ce wace ce wannan, Baba kuma wanda bai iya ɓoye-ɓoye ba ya ce ƙanwarsa ce uba ɗaya. Daga nan sai a tambayi uwar, a tambayi auren, kalmar nan ta firamare ta tsallako teku ta same ni. Na ce wa kaina bari in je ni kaɗai in ga irin matar tukuna, kada ta wulaƙanta tsoho. Da wannan hujja na lallashi kaina. Na kira ta na ce ni ɗalibi ne ɗan Nijeriya mai rubutu a kan tarihin kuza. Ranar Asabar na ce wa Baba an kira ni wurin aiki.

Gidan yana ƙarshen wata hanyar tsakuwa, da shingen katako da dawakai biyu a fili. Mijin ya rasu, ita kaɗai ce. Doguwar mace ce mai furfura. Ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallona har na fara jin nauyi, sannan ta ce, da Hausa, “Sannu da zuwa. Ka sha hanya.” Hausarta ta yara ce, irin wadda ake koya a madafa da bakin rijiya, amma ba gargada. Ta dafa shayi, ta ɗauko kwalin hotuna. Ta nuna mini ubanta a bakin rami a Afirka ta Kudu, siriri kamar kara. Ta nuna shi a kan jakin. Ta ba ni labarin yadda ya ƙi barin Bukuru ko da abokansa suka watse, yana cewa a ƙauyensu ba wanda zai gane shi, a nan kuwa har awaki sun san shi. Ina rubutawa a ɗan littafi kamar ɗalibin gaske, ina gyaɗa kai.

Can sai ta ajiye hotunan, ta tambaye ni daga wane gari nake. Na ce Jos. Ta ce, “A Bukuru akwai wani makaniki, Audu. Shi ya koya mini keke. Ko ka san shi? Yana da rai?”

Na ce, “Bukuru da girma yanzu, ranki ya daɗe. Ban san shi ba.”

Haka na faɗa. Mutumin da ya sayar da babur ɗinsa don in zauna jarrabawa, yana zaune a barandata da sabon idonsa yana jira, na ce ban san shi ba. Ta ce Allah sarki, ta ƙara mini shayi. Na shanye, na yi godiya, na fito.

Na sami Baba inda na bar shi. Bayan kwana biyu na ce masa na duba ko'ina, na yi waya, ba a dace ba, wataƙila sun bar jihar. Bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce Allah bai yi ba ke nan, ƙasar da faɗi, ya yi mini sannu da wahala, ya sa mini albarka. Ya ƙara mako biyar a garin. A cikinsu ne muka tafi wata gona sayen ragon walima, hanya ta bi da mu ta bakin kwanar gidanta. Ya ga dawakai a bayan shinge, ya ce in rage gudu ya kalle su da kyau, ya ce masu su suna kula da su. Na rage gudu. Sannan muka wuce.

Aka ɗaura aure, Alhaji ya yaba da natsuwar Baba, ba wanda ya tono komai. Baba ya koma gida. Shekara biyu bayan haka ya kwanta ciwon kwana tara ya cika.

A zaman makoki ne abin ya fara cina. Abokansa na gareji suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe mini hannu. Ashe kafin ya taho ya gaya wa kowa zai je ya ga ƙanwarsa, bai ɓoye wa kowa ba, don shi bai taɓa ɗaukar haihuwarsa abin ɓoyo ba. Da ya dawo kuma ya ce musu ɗansa ya yi ta yawo gari-gari yana nema masa ita, har aiki ya bari, Allah dai bai yi ba. Wani tsoho ya ce mini, da kowa zai sami ɗa irina da iyaye sun huta. Ina zaune a kan tabarma ina amsa amin. Kafin in taho mahaifiyata ta buɗe akwatinsa, ta ba ni wani ambulan da ta ce ya tafi da shi Amurka ya dawo da shi. Hoton kabarin Mai Jaki ne, an share shi fes, Baba na tsaye a gefe da fartanya a kafaɗa. Mai hoto ya ɗauka musamman ya kai shi maƙabarta don ya sami abin da zai miƙa wa Talatu.

Wata huɗu ambulan yana cikin motata kafin in iya shiga hanyar tsakuwar nan. Wannan karon ban zauna ba. A tsaye na gaya mata ko ni wane ne, na gaya mata Audu ya zo garin, ya kwana wata uku kusa da ita, ya aiko ni, ya koma, ya rasu. Na miƙa mata hoton. Ta zauna a kan matakala ta daɗe tana kallonsa. Na yi zaton za ta kore ni, kuma da ta yi hakan da na fi samun sauƙi.

Ta ce, “Tun a bakin ƙofa na gane ka. Da fuskar mahaifina ka shigo. Na ɗauka Audu ne ya aiko ka ka duba ni, ka koma ka ba shi labari, ya ga ban cancanci ya neme ni ba.”

Ta ce tana da shekara goma sha huɗu ta gane Audu wanta ne, daga yadda su biyun suke tsayawa iri ɗaya idan suna kallon inji. Ta tambayi uwarta, aka ce kada ta sake tayar da maganar, ta kuwa yi biyayya shekara hamsin. Ranar da na zo ta so ta ce mini wanta take tambaya, ta kasa, ta ce makaniki. Bayan tafiyata ta yi wata da watanni tana ɗaukar waya da sauri idan ta yi ƙara. Ta ce ba ta ga laifinsa ba da bai kira ba, gidansu ba su yi masa abin da zai kira ba. Wato ƙaryata guda ta yi aiki biyu. Shi ya tafi yana ganin ƙasa ce ta yi faɗi, ita ta zauna tana ganin an auna ta an yar.

Na gaya wa Rakiya a ranar, ta yi kwana biyu maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. Sannan na je kanti na sami Alhaji. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Ban tambaye shi ko da ya san asalin zai ba ni 'yarsa ba, shi ma bai ce zai bayar ko ba zai bayar ba, kuma ba zan ƙaga masa amsar da za ta yi mini daɗi ba. Abin da ya ce shi ne kakana ba ni na zaɓe shi ba, ba za a tambaye ni a kansa ba, amma tsohon da ya zauna a gabansa yana nema mini aure alhali na riga na yaudare shi, wannan ni na zaɓa. Ya ce in yawaita yi masa sadaka, kuma kada in bar matar nan ta tsufa ita kaɗai.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. 'Yata Tabawa, mai sunan Kaka, tana aji ɗaya. Idan na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, kuma wadda ke matsa mata ta amsa da Hausa ita ce wannan Baturiya mai furfura, wadda yanzu nake ce wa Gwaggo, yara kuma suna ce mata Kaka Talatu. Kusan duk Asabar muna can. Kwanaki aka ce su zana dangi a makaranta, yarinyar ta zana mutum a kan jaki, ta zana mace mai ɗankwali a gefensa, ta tsaya gaban aji ta yi bayani ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Ina jin Baba zai yi dariyar nan tasa marar sauti, ya ce jakin ya fi mutumin kyau. Ban san ko zai yi fushi da ni ba. Shi ba mai fushi ba ne, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya nema mini uzuri, kamar yadda ya nema wa ubansa har ya mutu. Ya sha gaya mana Maigida mutum ne da zamaninsa ya fi ƙarfinsa. Ni ban yarda ba, ina ganin rashin zuciya ne a ce mutum ya ratsa tekuna uku amma ya kasa furta kalma ɗaya a kan ɗan da ke miƙa masa sifana a gareji. Na raina Mai Jaki a kan haka tun ina yaro. Sai ga shi a cikin zuriyarsa duka ni ne na gaje shi.

Gidan dutsen ya zama makaranta, ramukan sun zama tafkuna, injinan da Baba ya rayar da su sun zama tsohon ƙarfe. Bai bar gida biyu ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Abin da ya rage nasa shi ne halin nan na mutumin da aka ba shi rabin matsayi ya riƙe cikakken zumunci. Sani ne ke zuwa maƙabarta da fartanya yanzu, ba wanda ya sa shi. Gwaggo takan sa in maimaita mata ƙananan abubuwa, yadda yake cin tuwo da zafinsa, yadda yake yi wa mota magana kafin ya buɗe ta, sunayen 'ya'yansa bakwai bi da bi. Ina ba ta abin da zan iya, na kuma san duk labarin da zan bayar bai kai zaman rabin sa'a da za su yi a barandata ba.

Na san wannan jarida tana isa Bukuru, kuma cikin abokan Baba akwai waɗanda ke da rai, jikoki suna karanta musu. Ku da ya gaya wa cewa ɗansa ya yi iya ƙoƙarinsa, ga gyara daga bakin ɗan. Ban yi yawo ko'ina ba. Na same ta a rana ɗaya, na sha shayinta, na ce ban san shi ba. Albarkar da ya sa mini a kan wannan ba tawa ba ce, ku daina ƙara mini ita. Wanda ya ɗaga hannu saboda wannan rubutu ya roƙa wa Malam Audu rahama da yalwar kabari, shi ne ya cancanta. Ni kuwa, tunda wanda zai yafe mini ya riga ya tafi, sai ku roƙa mini wurin Wanda ya ɗauke shi.